Takobi da Takarda: Shekara 50 na Ƙungiyar Kokowar Garinmu

A ƙarshen damanar 2025 sarkin samarin garinmu ya kira ni ta waya ina Yamai. Bayan gaisuwa da tambayar karatu, sai ya ce ƙungiyar kokowar garin za ta cika shekara 50 idan an gama girbi, kuma sun yanke shawarar yin biki. An riga an raba aiki. Wasu za su tara gudummawa daga ƴan garin da ke Abijan da Legas, wasu za su gyara fili, ni kuwa an ɗora mini rubuta tarihin ƙungiyar, tunda a cewarsa ni ne mai karatun Hausa a jami'a. Na amsa da sauri, har da ɗan alfahari. A raina na ce aikin mako guda ne: in zauna da tsofaffi uku ko huɗu, in naɗi maganarsu, in juye ta a takarda, in gyara. Wannan gyaran shi ne ya jawo mini abin da nake so in ba abokan karatuna da malamaina labari.

Garinmu ƙaramin gari ne a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza ta jahar Tawa. Wanda ya taso daga Madawa ya yi arewa zai ga ƙasa tana sauya kama, ga tudun dutse a sama, ga kwari mai albarka a ƙasa, inda ake noman dawa da damana, a yi lambu da rani. Idan ya wuce Buza zai faɗa Keita, daga nan sai Tawa. A wajenmu kokowa wasan kaka ce. Sai an ɗaure gero an kai rumbu, ciki ya cika, wata ya yi haske, sannan makaɗi yake fito da gangarsa dandali. Samarin wani gari su zo, a ba su masauki da tuwo, a raba dare ana gwabzawa, in kwana ya zagayo mu ma mu je mu rama ziyara. Abin da muke kira ƙungiya ya haɗa ƴan kokowa da ƴan langa da masu tseren ƙafa, daga baya aka sami ƴan ƙwallo. Ba ta da ofis, ba ta da hatimi. Dukiyarta ita ce fili a gabashin gari, da ganga biyu, da wani akwatin ƙarfe wanda ke zama a ɗakin duk wanda yake sarkin samari.

Da akwatin na fara, domin ɗan boko ya fi yarda da abin da ya gani a rubuce. Da aka buɗe, sai muka tarar da tsohon usur, da riguna huɗu da asu ya ci, da kaye guda na ƴan lakkwal wanda gara ta cinye rabinsa. A cikin kayen akwai sunaye cikin rubutun Faransanci, wasu da alamar kuros a gefe, ba shekara, ba bayani. Sarkin samari ya dube ni ya yi dariya, ya ce kayen da ke cikin akwati bai kai kayen da aka yi a fili yawa ba. Ya yi wasa ne da kalmomi biyu da rubutunmu ba ya bambantawa, ɗaya aro daga Faransanci mai nufin littafin rubutu, ɗaya kuwa kayar da abokin karo, mai dogon wasali a gaɓar farko. Na yi dariya tare da shi, ban lura cewa darasi ne ya fara zuwa ba.

Dole na koma ga baki. Na yi hira da tsofaffi 9, amma wanda ya fi kowa riƙe labarin shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya haura shekara 70, idonsa kuma ya fara hazo. A zamaninsa yana cikin waɗanda ake kaɗa wa take tun kafin su shigo fili. Ni ban gaje shi ba. Sau ɗaya na taɓa shiga kokowa ina yaro, wani ƙanen abokina ya dungurar da ni gaban ƴan mata, tun daga ranar na rungumi allo da littafi. Kawu bai taɓa bari na manta da wannan ba. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, tambayar da ya fara yi mini ita ce: shekara 50 na mene ne? Ya ce kakansa ya yi kokowa a wannan filin, kakan kakansa ma ya yi. In kokowa ake wa biki, to babu mai iya ƙidaya shekarunta.

Sai da muka yi kwana biyu muna zagaya tambayar kafin na gane abin da ya faru a 1975. Shugaba Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974, ƙasa tana fitowa daga matsanancin fari. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta mai da ita hanyar tattara matasa a kowane gari domin aikin gayya da wasanni. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a birnin Tawa, wadda ake ba zakaranta takobi, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauke shi. Daga wannan lokaci kokowa ta sami tsani. Ana zaɓe daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, jaha kuma ta tura gwanayenta gasar ƙasa. Domin a hau tsanin, sai an rubuta suna. Wani malamin lakkwal ya zo da kaye, ya zauna gindin bishiya, ya rubuta samarin da ke kokowa a garinmu, aka kai Buza. Ranar nan ce ake kira kafuwar ƙungiya. Wato bikin da aka sa ni rubuta tarihinsa, bikin ranar da kokowar garinmu ta fara shiga takarda ne.

Tsanin ya kawo abubuwan da tsofaffi ba su saba da su ba. A dandali babu agogo, ana kokowa har ɗaya ya faɗi ko dattawa su shiga su raba. A gasar hukuma akwai alƙali da usur da lokaci ƙayyadadde. A dandali mutum yakan zaɓi abokin karonsa, ya je gabansa ya yi kirari ya miƙa masa hannu. A gasar hukuma takarda ce ke haɗa mutum da abokin karo. Amma tsanin ya kuma kawo suna mai tafiya nesa. Ta rediyo mutanen kwarinmu suka san Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Langa-Langa na Damagaram, da Kadade na nan jahar Tawa, kamar yadda yaran yau suka san Isaka Isaka na Doso wanda ya ɗauki takobin sau da dama. Yanzu kowace jaha daga cikin jahohi 8 tana tura ƴan kokowa 10, gasar kuma tana zagaya manyan biranen jahohin. Babu ɗan garinmu da ya taɓa kai wa wannan mataki. Tarihin da aka ce in rubuta tarihin waɗanda suka tsaya a matakalar farko da ta biyu ne, waɗanda rediyo bai taɓa ambata ba.

Wahalar farko ita ce shekaru. Babu tsohon da ya ba ni lamba ko ɗaya. Kawu zai ce abu kaza ya faru shekarar da aka fara dasa itacen kare iska, ko shekara biyu bayan El-Buhari, ko lokacin da mutane suka tafi aikin dutse Keita. Sai ni in zauna in mayar da su lissafin boko. Layukan dogon yaro da suka ratsa gonakin Majiya an fara dasa su ne a 1975, a wani aiki na ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji, don haka ƙungiyarmu da itatuwan nan sa'o'in juna ne. El-Buhari suna ne da mutanenmu suka ba yunwar 1984, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. A wannan shekara ce kuma aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya, inda ake jera duwatsu a kan tuddai domin tare ruwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Da waɗannan turaku uku na ɗaure sauran labarin, kuma da na gwada maganar tsofaffin da juna, sai na ga lissafinsu ba ya saɓawa sai kaɗan.

A shekarar El-Buhari da wadda ta biyo ta ba a kaɗa ganga a filinmu ba. Kokowa ƴar ƙoshi ce, mai yunwa ba ya ɗaga ɗan'uwansa. Samari suka watse biɗa, kamar yadda muke kiran tafiya neman kuɗi, wasu Najeriya ta ɓarauniyar hanya, wasu Abijan, daga baya wasu Libiya. Da damana ta gyaru aka dawo fili, amma ba kamar da ba, domin biɗa ta zama al'ada, kuma lokacin tafiyarta shi ne lokacin kokowa. Bayan rasuwar Kunce a 1987 da sauyin siyasar da ya biyo bayan babban taron ƙasa na 1991, samariya ta hukuma ta yi sanyi. Ƙungiyar ta rayu ne da abin da ba hukuma ce ta kawo shi ba. Mata sun ci gaba da dafa wa baƙi tuwo, ƴan biɗa suna aiko da kuɗin riguna, wani makaɗi kuma ya riƙe taken kowane ɗan kokowa a kansa, na raye da na matacce. Wannan makaɗi ya rasu shekara biyu kafin in zo da na'urata. Ɗansa ya gaji gangar, ya ce mini abin da ya riƙe bai kai rabi ba.

Daren ƙarshe na hirarmu Kawu ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya yi kaka huɗu a jere bayansa bai taɓa ƙasa ba a duk garuruwan kwarin. Sai aka kira wata kokowa a Madawa, aka ce masu zaɓen waɗanda za su wakilci Tawa za su zo kallo. Ya tafi da makaɗinsa da layunsa da rabin samarin gari a baya. Aka haɗa shi da wani Bagobiri ɗan siriri wanda ya raina tun daga nesa. Kafin ganga ta yi zafi yaron ya shige masa ƙarƙashi, ya cira shi, ya maka shi da ƙasa. Kawu ya ba da labarin nan dalla-dalla, inda ya sa ƙafa, inda ya yi sakaci da hannun hagu, yadda ƙura ta shiga bakinsa, yadda makaɗinsa ya yi shiru. Bai sake samun wannan dama ba. Da ya dawo gida ya ci gaba da kokowa wasu shekaru, sannan ya koma koya wa yara.

Na koma Yamai da sa'o'i 11 na magana a cikin waya. Na zauna gaban kwamfuta na yi abin da na ɗauka shi ne aikin mai ilimi. Duk inda Kawu ya ce hili na rubuta fili. Inda ya ce munka tahi na rubuta muka tafi. Zamna ta koma zauna, ɗamre ta koma ɗaure, gidanai ta koma gidansa, dirkar na da ta ta koma ne da ce. Da na zo kan labarin Madawa sai tausayi ya kama ni, na ga bai dace a karanta faɗuwar dattijo gaban jikokinsa ba, na taƙaita shi cikin jimla guda, na ce ya je Madawa amma bai yi nasara ba. Rubutun ya fito sumul, shafi 14, babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya.

Mako guda kafin biki na dawo gida na karanta masa. Yana kishingiɗe a kan tabarma, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce:

"Wagga magana ta yi kyau. Wa yah hwaɗe ta?"

Na ce, "Kawu, ai ku kunka hwaɗi."

Ya ce, "A'a, ba ni ba na. Wanga wani Bakano na. Ni ban san ɗaure ba, ɗamre nis sani." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma mi an nan ban yi nasara ba? Kashe ni yay yi, gaban mutanen Madawa duka. Rubuta hakanan."

Na yi ƙoƙarin kare kaina, na ce saboda girmansa na yi. Ya ce ɗan kokowar da ya ɓoye faɗuwarsa ya zubar da kayensa, domin wanda ya ji ka ɓoye ɗaya ba zai yarda da sauran ba. Kaka huɗun nan da bai faɗi ba, in ji shi, ranar Madawa ce shaidarsu.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Abin da ya fi damuna shi ne na san duk waɗannan siffofi, na ma ci jarrabawa a kansu. Bernard Caron ya bayyana Aderanci a littafinsa Le haoussa de l'Ader tun 1991, kuma mun karanta shi a aji. Na san su a matsayin jerin misalai da ake haddacewa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ke salwanta idan an goge su daga bakin mai su ba. Da na sake sauraron muryar Kawu ina duban rubutuna, sai asarar ta fito fili ta fuskoki uku.

Ta farko ita ce ɗamre. Kowane ɗalibin tsarin sauti ya san dokar da ake jingina wa Bajamushen nan August Klingenheben, wadda wani sashenta ya nuna yadda baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa ya koma wasalin u a Hausar gabas, Hausar yamma kuwa ta riƙe shi. Shi ya sa Kano ke cewa zauna da aure da sauka da auduga, mu kuma muke cewa zamna da amre da sabka da abduga. To amma ɗan kokowa ɗamara yake yi kafin ya shiga fili, kuma ko a Kano ɗamara ake cewa, kamar yadda ake cewa amarya, domin a nan wasali ya biyo bayan baƙin, ya tsare shi. A bakin Kawu, ɗamre da ɗamara ƴan ɗaki ɗaya ne da kunne ke ji nan take. Da na rubuta ya ɗaure ɗamara, na raba su. Siffar da na ɗauka ta ƙauye ce, ita ce ta fi tsufa, ita ce kuma ke nuna dangantakar kalmomin.

Ta biyu ita ce shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda da shi ake jera aukuwa cikin labari. A daidaitacciyar Hausa muna rubuta ya zo ko muna nufin na farko mai dogon wasali ko na biyu mai gajere, mai karatu ne zai gane daga muhalli. A Aderanci na biyun yana ninka baƙin da ke biye: yaz zo, yac cira ni, nis sabka. Ga bambancin a bayyane, kunne na ji, ido na gani. Ban da wannan, ninkin yana ba labarin kokowa wani bugu da ke tafiya da abin da ake faɗa. Idan Kawu yana jera yadda Bagobirin ya shigo, ya kama, ya cira, ya maka, kowace gaɓa tana sauka da nauyi. A rubutuna labarin ya zama rahoto.

Ta uku ta fi ba ni kunya, domin ba ta karin harshe ba ce. Hannun da ya saba gyara furuci bai ji nauyin gyara abin da ya faru ba. Da na yarda cewa ina da ikon sauya hili zuwa fili ba tare da na tambayi mai magana ba, sauya faɗuwa zuwa rashin nasara bai yi mini wuya ba. Duka biyun na yi su ne da kyakkyawar niyya, kuma duka biyun sun fito daga tunani ɗaya, cewa ni na fi shi sanin yadda ya kamata maganarsa ta kasance.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ina kira a yi watsi da daidaitacciyar Hausa ba ne, ga shi da ita nake wannan rubutu. An sha wahala kafin a same ta, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa ƙa'idar rubutu da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tabbatar a 1999. Da ita ɗan Buza ke karanta littafin da aka buga a Zariya, da ita za a rubuta littattafan makaranta. Yanzu da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatarta za ta ƙaru, kuma mu ɗaliban wannan sashe ne za a nema mu yi aikin. Abin da nake tsoro shi ne mu fita da jan biro a hannu, mu riƙa ɗaukar Aderanci da Gobiranci da Arewanci da Damagaranci a matsayin kurakuran da ke jiran gyara. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, amma maganar da mutum ya faɗa da bakinsa, aka ce ga abin da wane ya ce, ba ta cikin wuraren.

Ina cikin wannan tunani na tuna da wani abu da ya shafi kalmomin da suka yi ta yawo a kaina. Takobi, wanda ƴan kokowar ƙasar nan ke mafarkin ɗauka, aro ne daga takoba ta Abzinawa. Takarda ma ta hannun Abzinawa ta shigo, asalinta na nesa kuwa yana komawa ga kalmar Latin da ta haifi carte a Faransanci. Maarten Kossmann ya yi nazarin irin waɗannan ararrun kalmomi a littafinsa na 2005. Ƙasa irin tamu ta Ader, inda Hausawa da Abzinawa suka daɗe suna cuɗanya a kasuwa da rijiya, tana cikin wuraren da irin wannan aro ke faruwa. Yau babu Bakanon da ke jin takobi ko takarda baƙi ne a bakinsa. Hausar da muke kira daidaitacciya ta daɗe tana cin abin da gefen ƙasa ya kawo mata, bai kamata mu ne za mu rufe mata wannan ƙofa ba.

Kwana 5 suka rage, na sake aikin daga tushe. Na raba shi gida biyu. Bayanin da ni na yi, na shekaru da sunayen wurare da yadda gasar ƙasa ta faro, na bar shi cikin daidaitacciyar Hausa. Duk inda tsoho ke magana kuwa na rubuta yadda ya faɗa, da hw da hy da ninkin baƙi da komai. Na mayar da labarin Madawa cikakke, shafi ɗaya da rabi. Na bi sauran tsofaffin gida gida na karanta wa kowa rabonsa. Biyu sun gyara mini sunayen garuruwa, ɗaya ya ce in cire wata magana da ya yi kan wani mamaci, na cire. Wata tsohuwa da ban sa cikin lissafi ba tun farko ta aiko a kira ni, ta ce shekara 30 tana dafa tuwon baƙin kokowa, in ba a rubuta tukunya ba to ba a rubuta tarihi ba. Na zauna na naɗi tata.

Ranar biki an fara da tseren yara da safe, daga bakin layin dogon yaro zuwa fili. Da la'asar aka yi langa, bayan isha'i aka shiga kokowa da baƙi daga garuruwa uku, har da wasu daga wajen Keita. Kafin a fara aka ba wani ɗan kwaleji takarduna ya karanta a lasifika. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, har ya iso inda Kawu ke ba da labarin wani karo da ya yi a ƙuruciya, inda ya ce nik kashe shi. Yaron ya karanta da gajeren wasali, ya mai da Kawu mai kisan kai. Fili ya ɗauki dariya, tsofaffi suna ta gyara masa daga inda suke zaune, suna ja masa wasalin. Ni kaɗai na san laifin ba na yaron ba ne. Na kiyaye baƙaƙe, na manta cewa ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti, kuma a nan su ne suka raba kayarwa da kisa. Ko rubutun da na yi alfahari da amincinsa bai ɗauko muryar duka ba.

Da aka zo labarin Madawa fili ya yi tsit. Na saci kallon Kawu, yana zaune a kujerar gaba, ya dafa sandarsa da hannu biyu, yana gyaɗa kai a kowace gaɓa kamar mai tabbatar da lissafi. Da aka gama, ɗan makaɗin nan ya matso ya kaɗa masa takensa, wanda yana cikin rabin da ya riƙe. Kawu bai iya miƙewa da sauri ba, sai ya ɗaga sandar sama.

Washegari na mayar da takardun cikin akwatin ƙarfe, kusa da tsohon kayen. Na haɗa da ɗan katin waya mai ɗauke da muryoyin duka, na naɗe shi a leda saboda gara, na bar kwafi a wajena, na kuma tura wa ƴan garin da ke Abijan. Roƙona ga waɗanda za su fita aikin fili a bana shi ne su adana sautin, su fara rubuta abin da kunnensu ya ji kafin abin da ƙa'ida ta ce, su sa alamar tsawon wasali da karin sauti a kwafin nazari, sannan su koma su karanta wa mai maganar kafin su kai wa malami. Ni ma na sauya batun kundina zuwa kalmomin kokowa a Aderanci. An gaya mini akwai wani tsohon makaɗi a wani ƙauye kusa da Keita wanda ya yi zamani da namu, mai yiwuwa ya riƙe wasu daga cikin taken da suka ɓace mana. Kawu ya ce in je kafin zafi ya shigo, kuma in tafi da goro.